Yadda Na Dafa Ƙafata a Motar Amarya

Ko zan manta komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da yammacin da muka kai Nafisa ɗakin mijinta a Argungu ba. Abin bai daɗe da faruwa ba. Har yanzu in buta ta tafasa a kicin ta fara huci, sai gabana ya yanke ya faɗi, in ɗage ƙafafuna sama kamar na ga kunama. Inna ta ce in na ba da labarin zan ji sauƙi. To ga shi, amma don Allah ku yi dariyar a hankali.

Babanmu yana da wata tsohuwar mota da ya gada daga mahaifinsa. Doguwa ce, ruwan madara, giyarta a jikin sitiyari, kuma ta girmi auren Inna. A Nasarawa, unguwarmu a Birnin Kebbi, kowa ya san ƙararta tun kafin ta karyo kwana. Baba ba ya fito da ita sai ranar Juma'a ko ranar biki, domin a danginmu duk 'yar da za a kai ɗakin miji, a motar Kaka ake kai ta. A ciki aka kai gwaggonnina, a ciki aka kai yayyena. Ni ce auta, kuma tun ina rarrafe maganar da na sani game da motar nan guda ce: "Auta, ɗauke hannunki." Na girma na gama sakandare ban taɓa ko goge mata gilashi ba.

Sai ga Rifkatu.

Rifkatu 'yar ajinmu ce. Iyayenta mutanen Filato ne, Kiristoci, amma a Kebbi aka haife ta, in tana magana ba za ka raba ta da 'yar gari ba. A aji ni da ita duk a layin baya muke zama, babu wadda ta fi wata, tare muke cin gyaɗa a ɓoye. Mahaifinta bakanike ne, shi ke duba motar Baba tun kafin a haife mu. Da idonsa ya fara rauni sai ya riƙa zuwa da ita, yana zaune kan benci yana faɗa mata abin yi, ita tana ƙarƙashin mota tana yi. Daga baya ma ya daina zuwa, ita kaɗai take zuwa da jakar sifanoninta.

Wallahi da farko murna nake yi. Amma sai na fara jin Baba ta taga. "Wagga ɗiya hannunta na da albarka." "Ku ajiye wa Rifkatu hura, mai sanyin." In baƙi sun zo gaishe shi, kafin su zauna ya fara ba su labarin yadda ta gane ciwon motar da kunne kawai. Ni da nake kai masa ruwan alwala safe da yamma, ban taɓa jin ya ba wani labarin yadda nake ɗaukar buta ba. Ranar da na leƙa na gan ta zaune a kujerar direba, Baba a gefe yana dariya har da tafi, sun zaga layinmu sun dawo, tuwon daren nan ban ci ba. (Na ci daga baya, da kowa ya tashi. Amma an dai ga na ƙi ci.) Rifkatu in ta shigo ta ce, "Auta, ina kwana?" sai in amsa mata da hanci. Ban taɓa tunanin mace za ta yi kishin ubanta a kan mota ba, sai ga shi ina yi, cikakke, har da ciwon kai.

Ana saura kaɗan bikin Nafisa, 'yar Kawu, ƙanin Baba da ke Argungu, Baba ya lura shimfiɗar ƙafa ta gefen mai zaman banza kullum a jiƙe take, tana wani wari na tsatsa. Rifkatu ta duba ta ce bawul ɗin hita ne ke yoyo. Bari in yi muku bayani yadda aka yi mini daga baya. Motar don ƙasar sanyi aka ƙera ta. A ƙarƙashin allon gaba, daidai saitin ƙafar wanda ke zaune a gefen direba, akwai wani ɗan famfo. In ka tura wani ɗan hannu da ke jikin allon, famfon ya buɗe, tafasasshen ruwan injin ya biyo tiyo ya shigo ya ɗumama cikin mota. A Kebbi fa! Garin da rana ke gasa mutum kyauta. Rifkatu ta ce a cire tiyon a zagaye famfon a huta, haka ake yi wa duk tsofaffin motoci a nan. Baba ya ce atafau, yadda ubansa ya bar ta haka za ta zauna, ba a yanke mata komai. Akwai wani tsohon dillalin albasa a Argungu da ke da irin motar, ta mutu a bayan gidansa, ya ce a zo a cire bawul ɗinta bayan biki. Kafin nan Rifkatu ta rufe famfon ruf, don in yana rufe ɗiga kawai yake yi, ta yagi ƙyalle daga jan ɗankwalinta ta ɗaure ɗan hannun nan tamau don kada kowa ya motsa shi.

Duk wannan ban sani ba a lokacin. Ranar da suke maganar, Baba ya ɗaga murya ya ce, "Auta, taho ki ga wani abu." Na ce ina tsintar shinkafa, na ja taga na rufe. Abin da na sani kawai, da muka shiga mota za mu Argungu, na ga jan ƙyallen ɗankwalin Rifkatu a ɗaure a gaban motar ubana kamar an kafa tuta. Tun daga Birnin Kebbi har muka isa idona na kansa. Allah ya yafe mini, har na raya a raina ko ƙulli ne aka yi wa Baba, shi ya sa ba ya ganin kowa sai ita. Yarinyar da muka ci gyaɗa tare!

A gidan Kawu aka ƙarasa ni. Yayanmu da ya saba jan motar amarya bai samu zuwa ba, Baba kuwa uba ne, ba ya rakiyar amarya. Da la'asar ta yi aka fito da Nafisa lulluɓe tana kuka, Baba ya zaro makulli a gaban jama'a ya miƙa wa Rifkatu.

Gwaggo Kulu, ƙanwar Baba, ta riƙe haɓa. "Yaya, mace za ta ja motar amarya?"

"Ita ta san ciwonta," in ji Baba. "Ku shiga."

Aka sa amarya a baya tsakanin Gwaggo Kulu da wata ƙanwar uwarta. Ni na shiga gaba, na sha ankon biki, ƙafafuna sun sha lallen da na je har unguwar Gesse aka zana mini, na yi zaman jiransa har bayana ya ƙage. Rifkatu ta juyo ta ce, "Kin yi kyau, Auta." Na kalli taga.

Gidan angon yana can bakin gari, inda gidaje ke ƙarewa gonakin albasa su fara. Motoci da babura na biye da mu ana ta hon. Mun hango ƙofar gidan ke nan, matan dangin ango sun fito sun yi cirko-cirko suna jira, sai muka tarar da amalanken jaki maƙare da buhunan albasa ya tokare lungun, jakin ya ƙi gaba ya ƙi baya. Rifkatu ta ja birkin hannu, ta bar injin a kunne (in motar ta yi zafi aka kashe ta, tayar da ita sai an roƙe ta), ta fita don ta ga ko za mu iya raɓawa.

Zafi kuwa ba a magana. Gilasan baya a rufe don kada a leƙa amarya. Gwaggo Kulu tana fifita da gefen mayafi ta ce, "Ke Auta, amarya za ta suma muna. Wai babu iska cikin motar ga? Kira ɗiyar nan ta zo ta kunna."

Kira ɗiyar nan. Maganar ta sauka mini a ƙahon zuciya.

"Ba sai an kira kowa ba, Gwaggo," na ce. "Motar ubana ce, na san ta."

Na sa farce a ƙullin, ya ƙi. Na sunkuya na sa haƙori (da jan-baki da komai), ya kwance. Wani daɗi ya ratsa ni, irin wanda ban ji ba tun da aka fara bikin. Na dunƙule ƙyallen a hannu, na kama ɗan hannun nan na tura shi har ƙarshe da ƙarfina, yadda Gwaggo za ta ga na saba.

Da farko shiru. Sai na ji wani "tsss" a ƙarƙashina kamar maciji. Kafin in sunkuya in duba, ruwa ya feso. Ja ne, ruwan tsatsa, tafasasshe, ya sauka a kan ƙafata ta hagu. Ban san ina da irin muryar nan ba sai ranar. Tururi ya turnuƙe gaban motar, gilashi ya rufe, wari ya cika ko'ina. Ni a raina wuta ce ta kama, kuma na sha jin cewa mota in ta kama wuta fashewa take yi. Na ga mutuwa ƙiri-ƙiri, ba wasa nake ba, har yau in na rufe ido ina ganin farin tururin nan.

"Wuta! Wuta! Za ta fashe!"

Na banke ƙofa na fita. Ban waiwayi amarya ba, ban waiwayi Gwaggo ba, 'yar uwata ta jini ban ko tuna da ita ba. Na bar takalmi ɗaya a mota, na ratsa ta gefen jakin, na nufi gona a guje. Ashe ba a daɗe da ba albasar ruwa ba. Taku kaɗan na yi santsi ya kwashe ni, na zauna daɓas a cikin kwalbatin ban-ruwa, taɓo har ƙugu.

Daga nan inda nake zaune na ga sauran. Gwaggo Kulu ta finciko Nafisa, mayafin ya maƙale a ƙofar mota ya tsaya can. Kun san yadda ake shiga da amarya: a hankali, kai a sunkuye, tana tirjewa ana lallashi, dangin miji na roƙo kafin ta taka bakin ƙofa. To Nafisa tamu, fuska a buɗe, ta tattare zani har gwiwa, ta wuce matan da ke shirin guɗa kamar iska, ta shige gidan mijinta da ƙafarta babu mai roƙonta. An ce ta wuce ɗakinta ma, ba ta tsaya ba sai a ƙuryar ɗakin uwar mijin. Masu babura sun watse, wani ya bar babur ɗinsa a kwance yana ta ƙara. Jakin da ya ƙi motsi tun ɗazu, shi ma ya ja amalankensa ya ba da hanya.

Mutum ɗaya ce ta yi wajen motar da gudu lokacin da kowa ke barinta. Rifkatu ta zura hannu ta kashe injin, ta zagayo, ta naɗe hannunta da gyale ta cusa cikin tururin nan, ta lalubo famfon ta mayar da shi da hannu. Na ji ta ce "Wayyo Yesu!" sau ɗaya. Hucin ya ragu, ya koma ɗiga.

Wasu mata biyu suka zo suka ciro ni daga taɓo, kowace ta kama hammata ɗaya. Aka tsayar da ni a tsakiyar lungu, anko ya koma ruwan ƙasa, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu. Mutane suka dawo suka kewaye mu. Ana ta sannu, ana cewa tsohuwar mota ai sai a hankali, Allah ya tsare. Har na fara jin kamar zan tsira. Sai Gwaggo Kulu ta dawo tana haki, ɗankwalinta a hannu, ta tsaya ta ƙura wa hannuna ido.

"Mi ne ne wanga a hannunki?"

Na duba. Duk gudun nan, duk faɗuwar nan, ban saki jan ƙyallen ba. Yana nan a dunƙule, jelarsa na leƙowa ta tsakanin yatsuna.

"Ba shi ne anka ɗaure a gaban mota ba? Ba ke kinka ce kin san ta ba?"

Wata tsohuwa daga dangin ango, mai goro a kunci, ta matso ta dube ni sama da ƙasa, ta tambayi ta kusa da ita da ƙarfi, irin tambayar kurame: "Wagga ɗiyar wa ce?"

"Ɗiyar mai motar."

"Ta cikinsa?"

"Awo."

"To waccan mai ƙonannen hannun fa?"

"Bakanikiyarsa."

Tsohuwar ta gyaɗa kai a hankali ta ce, "Ikon Allah." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Aka aika wa Baba, ya zo a bayan babur, babbar rigarsa na tashi. Ni kuwa tsoro uku ya haɗe mini: ko na kashe motar Kaka, ko na nakasa hannun yarinyar mutane da shi take ci da iyayenta, ko Baba ba zai ƙara kallona ba. Bai ko dubi motar ba. Ya wuce wurin Rifkatu ya kama hannunta yana salati, wuyan hannun ya yi ja ya fara tashi. Sannan ya zo ya durƙusa ya duba ƙafata. (Kun ga halina? Ina tsaye cikin taɓo, na tarwatsa bikin 'yar uwata, amma sai da na lura ita ya fara dubawa.)

Rifkatu ta ce, "Baba, ƙila ƙullin ne ya kwance da girgizar hanya."

Baba ya kalli ƙyallen da ke hannuna, ya kalli jan-bakin da ya shafe a jikin ƙyallen. "Ƙullinki ba ya kwancewa, Rifkatu. Ku tahi a duba ku." Ya juyo gare ni, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Gobe za a sa wa motar ga bawul. Hannun da zai sa ya ƙone. Ke kinka kwance, ke za ki ɗaura."

Aka kai mu wani ƙaramin asibiti aka wanke mana, aka naɗe mata hannu, ni aka shafe mini ƙafa da farin magani a kan lallen Gesse. Allah ya taimaka injin bai ƙone ba, don ta kashe shi kafin ruwan ya ƙare.

Washegari da hantsi muka je bayan gidan dillalin albasa. Motarsa na ƙarƙashin bishiyar mangwaro, tayoyi sun nutse a ƙasa, kaji sun mayar da kujerar baya wurin ƙwai. Aka shimfiɗa mini buhu, na kwanta rigingine, kaina a ƙarƙashin allon gaba, ƙafafuna a waje suna kallon sama. Rifkatu ta tsuguna a bakin ƙofa da naɗaɗɗen hannunta tana haska mini da waya.

"Kin ga tiyo biyu? Kowane da zoben ƙarfe a wuyansa. Sassauta zoben. A'a, hagu, Auta. Hagunki na makaranta."

Tsatsa da kashin kaji na zubo mini a fuska. Na sassauta zobban, na murɗa tiyon har suka saki, na zare wayar da ke jan famfon, na kwance ƙusoshi biyu da suka riƙe shi. Ɗaya ta ƙi, sai da muka ɗiga mata man birki muka jira. Muna jiran ne na ce, ban kalle ta ba, "Ki yi haƙuri da hannunki."

"Hannu zai warke." Ta gyara hasken wayar. "Ni abin da ban gane ba, mi na yi miki? Ubanki na kiranki ki zo ki gani, kina ruhe taga. Nawa uban yanzu ko aikin da na yi ba ya iya gani, sai dai in ba shi labari. Kina tsammanin don hura nike zuwa gidanku?"

Na ce tsatsa ta shiga mini ido.

"Ƙarya kike. Murɗa, ta jiƙa."

Bawul ɗin ya fito, ɗan abu kamar kan famfon tsakar gida. Muka wanke shi, Rifkatu ta sa na hura ta gefe ɗaya a rufe da a buɗe don a ga ko yana riƙewa. Muka koma wurin motar Kaka, wadda aka turo ƙofar gidan Kawu ta kwana ta huce. Na tsiyaye sauran ruwan lagireto, tukunyar ruwan injin, a bokiti, na sake kwanciya, na cire ruɓaɓɓen, na ga inda ya tsage. Na ɗaura wancan, na mayar da tiyo, na ɗaure zobba, na maƙala waya. Yatsuna duk sun ƙuje. Muka cika ruwa, aka tayar da injin murfin lagireto a buɗe har iska ta gama fita. Rifkatu ta ce in shimfiɗa farin ƙyalle a ƙarƙashin bawul ɗin. Wallahi da injin ya fara zafi sai da na ja baya har bakin kwata.

Baba ya shiga ya zauna. Shi da kansa ya kama ɗan hannun nan ya tura a hankali. Na toshe kunnuwa. Babu huci. Ƙyallen ya zauna fari tas. Can sai iska mai zafi ta fara busowa a cikin mota, ga ranar Argungu ta take, Baba na zufa har gemu, amma yana murmushi kamar yaron da aka saya wa keke. Ya ce rabon da ya ji ɗumin nan tun yana ƙarami, mahaifinsa na kai shi makaranta da sanyin safiya.

Na matso kusa da tagarsa, na ɗan buɗe tafukana yadda zai ga baƙin mai da ƙujewar. Na gyara tsayuwa. Ya dube ni, ya dubi hannuwan, ya jinjina kai.

"Allah shi yi wa Rifkatu albarka," in ji shi. "Wanda ya iya koya wa Auta aiki, babu abin da ba ya iyawa."

Rifkatu ta juya baya kafaɗunta na rawa don dariya. Kawu ya ce amin da ƙarfi.

Nafisa har yau ba ta ɗaga wayata, kuma na ji a gidan mijinta yara na kiranta Mai Gudu. Ƙafata ta saɓule ta fara sabuwar fata. Kishin kuwa, kada in yi muku ƙarya, yana nan, ko jiya na ji motsinsa. Abin da na koya kawai shi ne in ya taso mini in nemi wuri in zauna a kan hannuwana biyu har ya wuce.